INA MAGANA TAKE ZAUNE CIKIN JIKIN MUTUM?

Jawabin da kwamitin kula da lafiya ya karanta gaban taron ƙungiya

 

Ƙungiya ta ɗora mana nauyin yin bayani kan wani abu da ke aukuwa cikin gidajenmu, wanda ba mai cewa bai taɓa gani ko ji ba. Mutum ya kwanta lafiya lau, ko yana zaune ana hira da shi, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu, magana ta ɗauke. Kafin kwana biyu sai ka ji ana cewa iska ta buge shi, ko an yi masa jifa, ko kuwa hankalinsa ya gushe. Daga nan sai a kai shi ɗakin baya, a daina shawara da shi, a riƙa yin zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Saboda irin waɗannan mutane ne muke so yau mu duba inda magana take zaune cikin jiki, da yadda aka tsara ta.

Mu fara da Hausarmu. Tsokar nan da ke cikin baki harshe muke ce mata, Hausa da Zabarmanci da Fulatanci su ma harsuna muke ce musu. In mutum ya iya zance mu ce yana da baki, in yana ɓoye magana mu ce yana da zurfin ciki, in ya faɗi gaskiya mu ce daga zuciyarsa ta fito. Ƙwaƙwalwa kuwa sai wajen karatu da lissafi muke tuna ta. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Aristotal, babban malamin nan na ƙasar Girka, shi ma zuciya ya ɗauka mazaunin tunani, ƙwaƙwalwa kuma ya ce aikinta sanyaya jini. Amma likitocin Misira na dā sun lura da wani abu. Akwai wata tsohuwar takardarsu ta maganin raunuka da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, a cikinta an kawo batun mutumin da aka ji wa rauni a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ya zama ba ya iya magana.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ranar layya ya ga ƙwaƙwalwa: fara-fara, mai taushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ta mutum haka take, sai dai ta fi girma nesa ba kusa ba. Nauyinta a babban mutum wajen kilo 1 ne da giram 300 ko 400, watau kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da numfashi. Cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, kowace da zarurrukan da take aika saƙo da su zuwa ga ƴan uwanta. Ku riƙe wannan: ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Ba ta ajiye abinci don gobe, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. In jini ya daina isa wani wuri nata na ƴan mintoci, ƙwayoyin wurin sai su fara mutuwa.

Ɓari biyu gare ta kamar goro, na dama da na hagu. Jijiyoyin da ke saukowa daga gare ta zuwa jiki kuwa suna gittawa a wajen ƙeya, don haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin hannun dama da ƙafar dama, ɓarin dama kuma shi ke mulkin hagun jiki. To, dattawa, ku tuna mutanen da kuka sani waɗanda jikinsu ya shanye. Ku lissafa waɗanda maganarsu ta ɗauke, za ku ga galibinsu hannun dama ne ya mutu musu. Waɗanda hagu ya mutu wa kuwa, sau da yawa bakinsu yakan yi nauyi, amma kalmominsu na nan. Wannan abu da idonku ya riga ya gani shi ne mabuɗin dukan bayaninmu na yau.

Wanda ya fara tabbatar wa duniya da shi wani likitan fiɗa ne Bafaranshe mai suna Paul Broca. A watan Afrilu na 1861, a asibitin Bicêtre kusa da Paris, aka kawo masa wani majinyaci mai suna Leborgne, ɗan shekara 51, saboda ƙafarsa ta dama ta ruɓe. Wannan bawan Allah ya shekara 21 a asibitin. Tun yana da shekara 30 magana ta ɗauke masa, ba abin da ke fita bakinsa sai "tan, tan", har mutanen asibiti suka sa masa suna Tan. In ransa ya ɓaci ƙwarai kuwa, sai wani zagi guda ya fito masa sarai. Harshensa na motsi, yana cin abinci, muryarsa ba ta shaƙe ba. Broca ya tambaye shi shekara nawa ya yi a asibiti, sai ya buɗe yatsun hannunsa na hagu sau huɗu, ya ƙara yatsa ɗaya: 21 ke nan daidai. Ashe yana jin abin da ake faɗa masa, yana kuma riƙe da lissafin shekarunsa. Ranar 17 ga Afrilu ya rasu. Da Broca ya buɗe kansa, sai ya tarar da wani rami kamar girman ƙwan kaza a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ta wajen gaba.

Cikin shekarar nan kuma ya sake samun wani tsoho ɗan shekara 84 mai suna Lelong, wanda kalmomi biyar kaɗai suka rage masa. Ɗaya cikinsu ita ce "uku" da Faransanci. Ko wace lamba yake nufi "uku" yake cewa, amma yatsunsa na nuna lambar gaskiya. Shi ma da ya rasu, a wuri ɗaya da na farko aka samu ɓarnar. Broca ya ci gaba da tara irin waɗannan, a 1865 ya bayyana cewa da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa muke magana. Har yau ana kiran wannan wuri da sunansa. Bincike na baya ya nuna cewa cikin masu aiki da hannun dama 100, wajen 95 maganarsu a hagu take. Bahagwai ma, wajen 70 cikin 100 haka suke, sauran kuwa tasu na dama ko ta rabu tsakanin ɓarin biyu.

Wanda ciwo ya taɓa masa wannan wuri na gaba, maganarsa takan fito da ƙyar, guntu-guntu, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. In yana so ya ce "gobe da safe zan kai jaki gona", sai ka ji: "gobe... jaki... gona." Manyan kalmomi na fitowa, ƙananan da ke ɗaure zance kamar su "da", "zan", "wanda", "na", sun zube. Ya san abin da yake so ya faɗa, ya kuma san bai faɗe shi daidai ba, shi ya sa za ku ga yana fushi ko yana hawaye.

Shekara 13 bayan Leborgne, a 1874, wani saurayin likita Bajamushe ɗan shekara 26, Carl Wernicke, ya bayyana wani iri dabam, kuma muna roƙonku ku saurari wannan da kyau, don shi ne aka fi zalunta. Su waɗannan majinyata magana na zuba daga bakinsu kamar ruwa, da muryar zance da komai, amma in ka kasa kunne ba ka tsintar ma'ana. Mutum na son ya ce "tabarma" sai ya ce "tukunya", ko ya faɗi wata kalma da babu ita a Hausa sam. In ka yi masa magana kuma ba ya fahimta sosai, kamar wanda aka yi wa wani yare. Galibi ma bai san maganarsa ta rikice ba, sai ya yi ta mamakin yadda ba a gane shi. Ɓarnar tasu tana hagu ita ma, amma ta wajen baya, sama da kunne kaɗan, kusa da inda ƙwaƙwalwa ke karɓar abin da kunne ya ji. Wannan wuri yana da ɗan nisa da mai mulkin hannu da ƙafa, don haka sau da yawa irin wannan mutum yana tafiya da ƙafafunsa, hannunsa bai mutu ba. Dattijo ya wayi gari yana surutai marasa kan gado, jikinsa kuma garau: me jama'a za su ce? Sai a ce ya taɓu, a nufi gidan boka da shi, ko a ɗaure shi, alhali jijiyar jini ce ta toshe a kansa, asibiti yake bukata cikin gaggawa.

Tsakanin wurin gaba da wurin baya akwai wani dami na zarurrukan jijiya da ya lanƙwasa kamar baka, shi ne hanyar da ke haɗa su. In hanyar ce ta yanke, mutum yana fahimta, yana kuma magana daidai gwargwado, amma ka ce masa "maimaita abin da na faɗa" sai ya yi ta tuntuɓe. Karatu ma da tasa hanya. A 1892 wani likitan Paris, Jules Dejerine, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ke magana lafiya, yana rubuta wasiƙa da hannunsa, amma ya kasa karanta abin da shi kansa ya rubuta. Idonsa na ganin baƙaƙe, hanyar da ke kai su wurin magana ce ta lalace.

Kada mu ɗauka wurare biyu ko uku ne kawai. Likitocin dā sai mutum ya mutu suke ganin ƙwaƙwalwarsa. Daga baya Wilder Penfield, a Montreal ta ƙasar Kanada, ya riƙa yi wa masu farfaɗiya aiki idonsu biyu, tun da ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Yakan nuna wa majinyaci hoto ya ce ya faɗi sunan abin, sa'an nan ya taɓa wani wuri da ƴar wutar lantarki kaɗan. In ya taɓa wurin magana sai sunan ya maƙale, in ya ɗaga sai ya fito. Yanzu kuwa akwai na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai yana cikin magana. Ƙwaƙwalwar Leborgne da ta Lelong an adana su a Paris, kuma a 2007 wata malama Ba'amurkiya, Nina Dronkers, da abokan aikinta suka bayyana abin da irin wannan na'ura ta nuna a cikinsu: ɓarnar ta yi zurfi fiye da yadda Broca ya gani daga waje, ta yanke hanyoyin da ke can ciki. Abin da masana suka tsaya a kai yau shi ne, magana aikin gayya ce tsakanin wurare da yawa na gaba da na gefen ɓarin hagu, tare da hanyoyin da ke haɗa su. Shi ya sa da wuya a samu majinyata biyu da ciwonsu ya zama iri ɗaya sak.

Gayyar kuwa mai sauri ce. Kafin ka ce "rago", sai ka nufi abin, ka zaɓo kalmarsa daga cikin dubban kalmomin da ka sani, ka jera sautukanta, sa'an nan umurni ya tafi ga tsokoki kusan 100 na ƙirji da maƙogwaro da harshe da leɓe. An auna, daga ganin hoto zuwa faɗin sunansa wajen rabin daƙiƙa ne da ɗan ɗori. Amma a 2009 da aka auna hirar mutane cikin harsuna 10 na duniya, sai aka ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa. Ma'ana, tun abokin hirarka bai rufe baki ba ka riga ka hango inda zai tsaya, ka shirya amsarka. Ku saurari dattawa biyu suna gaisuwa a bakin kasuwa, lafiya na bin lafiya ba tsayawa, za ku ji wannan da kunnenku.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa fiye da Faransawa. Ku ce "kuka" na hawaye, ku kuma ce "kuka" ta miya. Ku ce "wuya" na jiki, ku ce "wuya" ta wahala. Baƙaƙen ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. An bincika masu irin wannan ciwo a ƙasar Tailan da ƙasar Sin, inda harsunansu su ma ke raba kalmomi da karin murya, aka tarar ciwon ɓarin hagu na rikita musu wannan kari. Karin da ke nuna fushi ko tausayi ko ba'a kuwa, ɓarin dama ne ya fi riƙe shi. Don haka ne wanda hagunsa na jiki ya mutu, watau ciwon na ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, wani lokaci kalmominsa daidai suke amma muryarsa ta zama shimfiɗe, ko ya daina gane habaici da wasa. Iyali sai su ce halinsa ya sake, ya zama marar kara. Ciwon ne.

Bebaye ma sun ba da shaida. Mun san maganar hannu da kurame ke yi tsakaninsu, mai iya ta kuma ya san cikakkiyar magana ce. A Amurka, Ursula Bellugi da abokan aikinta sun duba kuramen da jikinsu ya shanye, suka bayyana a 1987 cewa wanda ciwon ya taɓa masa ɓarin hagu, maganar hannunsa ke rikicewa, daidai yadda ta mai magana da baki ke rikicewa. Ashe wurin nan bai damu da ko baki ne ko hannu zai fitar da zancen ba. A 2023 kuma, a San Francisco, likitoci sun ɗora wata ƴar na'ura bisa ƙwaƙwalwar wata mace da ta shekara 18 ba ta iya motsa bakinta ta yi magana, kwamfuta ta riƙa karanta saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa baki tana mai da shi rubutu, wajen kalma 78 a minti. Ita kalmominta ba su taɓu ba, hanyar zuwa baki ce ta yanke. Wannan ya nuna mana ciwo biyu da ya kamata a raba: akwai nauyin baki, inda tsokoki ne suka yi rauni, mutum kuma in ya iya rubutu zai rubuta daidai, akwai kuma ɗaukewar magana kanta, wadda likitoci ke kira afaziya, ita tana taɓa faɗa da ji da karatu da rubutu.

To, hankali fa? Yatsun Leborgne sun riga sun ba mu amsa. A 2005 wata malama a Ingila, Rosemary Varley, ta gwada maza uku da afaziya mai tsanani ta kama, waɗanda ba su iya bambanta "zaki ya kashe mutum" da "mutum ya kashe zaki". Da aka rubuta musu lissafi da lambobi, suka yi tarawa da ɗebewa da rabawa, har da lissafi mai sarƙaƙiya. Irin waɗannan majinyata suna gane fuskoki, suna sanin hanya, suna sanin wanda ya kyauta musu da wanda ya wulaƙanta su. Gaskiya ne in ɓarnar ta yi faɗi takan haɗa da mantuwa ko ruɗewa. Amma rashin magana shi kaɗai ba hujja ba ne cewa hankali ya tafi. Saboda haka a ganinmu bai halatta ba a sayar da gonar mutum ko dabbobinsa, ko a ɗaura auren ɗiyarsa, ba tare da an nemi yardarsa ta hanyar da zai iya nunawa ba.

Wani abin da ke ruɗa iyali shi ne, mutumin da ya kasa cewa "ba ni ruwa" sai a ji ya amsa sallama, ko ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ko ya karanta Fatiha, ko ya bi waƙar da ya sani tun yana yaro, ko kuwa ya saki ashar, shi da ba a taɓa jin ya yi ba. Sai a ce ai yana iyawa, gardama ce kawai, ko a ce ba shi ke magana ba, wani ne a kansa. Bayanin shi ne, abin da baki ya haddace ya saba da shi yana bin wasu hanyoyi dabam, ciki har da na ɓarin dama, ba ya bukatar a ƙera sabuwar jimla. Likitoci a Boston ma sun mai da wannan magani tun 1973: suna sa majinyaci ya rera ƴan kalmomin bukata kamar waƙa, ana buga masa kari a hannun hagu, a hankali har ya iya faɗinsu ba rerawa.

A ƙasarmu da yawa suna jin harshe biyu ko uku: Hausa da Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Tamashek, ga Faransancin lakkol. Galibi ciwon yakan taɓa su duka, su kuma dawo tare. Amma tun 1895 wani likitan Bordeaux, Albert Pitres, ya lura cewa wani lokaci ɗaya na riga sauran dawowa, ko harshen da mutum ya fi amfani da shi, ko wanda ya sha a nono. In tsohon da ya shekara 40 yana Hausa ya farfaɗo yana Fulatancin ƙuruciyarsa, kada a tsorata, a nemo mai jin Fulatanci ya zauna da shi.

Kan yara ba za mu daɗe ba. Jariri na zuwa duniya da kunnen da ke iya rarrabe sautukan kowane harshe. A 1984 Janet Werker ta nuna a Kanada cewa jariran gidajen masu Turanci, ƴan wata 6 zuwa 8, suna bambanta wasu sautuka na wani harshen mutanen asalin ƙasar masu kama da "ƙ" ɗinmu, amma zuwa wata 10 ko 12 sun daina. Ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da take ji kullum ta saki saura. Shi ya sa baƙo ke shan wuya da "ƙ" da "ɗ" da "ɓ". Shi ya sa kuma yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa tun da wuri, don sanƙarau na kashe kunne, yaron da ba ya ji kuwa magana ba ta da ƙofar shiga.

Me ke kawo wannan ciwo ga manya? Faɗuwa a kan babur ba hular kwano na kawo shi, don ƙashin gefen kai siriri ne, wuraren magana kuma a ƙarƙashinsa suke. Ƴan kabu-kabu su ji. Amma babban dalili shi ne shanyewar jiki: ko gudan jini ya toshe jijiya cikin ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba. Wajen mutum ɗaya cikin uku da wannan ya same su sukan samu afaziya. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Gana da Nijeriya, har da na Kano da Zariya, wanda aka bayyana a 2018, ya ɗora wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a kan hawan jini, wanda muke kira tansiyo. Tansiyo kuwa ba ta da zafi, mutum na iya shekara 10 da ita bai sani ba. Awo kaɗai ke nuna ta. In anfarme ya auna ka sau da yawa yana samun 14 da 9 ko fiye, kana da ita, maganinta kuma ba a barinsa don an ji sauƙi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Iyayenmu mata su sani dunƙulen miya na kanti da kanwa su ma cikin wannan lissafi suke.

In abin ya auku, ku dubi fuska ko ta karkace, ku ce ya ɗaga hannu biyu ku ga ko ɗaya na faɗuwa, ku ce ya faɗi sunansa da na garinsu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya ishe ku neman mota nan take, ko da alamar ta wuce bayan ƴan mintoci, don sau da yawa wannan gargaɗi ne na babba mai zuwa. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Wani likitan Amurka ya lissafa a 2006 cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti. Maganin narkar da gudan jini, inda akwai shi, cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi, kuma sai an ɗauki hoton cikin kai da sikana an tabbatar ba zubar jini ba ce. Mun san nisan hanya da tsadar mota. Duk da haka ko lokacin nan ya wuce zuwa asibiti na da amfani, don a daidaita tansiyo, a duba suga, a hana na biyu. Kada a ba shi asfirin a gida, in jijiya ce ta fashe zai ƙara ɓarna. Kada a ɗura masa ruwa ko fura ko rubutu ko jiƙo, don sau da yawa haɗiya ma ta taɓu, abin sai ya bi ta huhu ya zama ciwon da zai kashe shi. Mai addu'a ya yi addu'arsa cikin mota ana tafiya. In ya suma a kwantar da shi ta gefe.

Bayan an dawo gida aikin ya koma hannun iyali. Ƙwayoyin da suka mutu ba su dawowa, amma na kewaye da na ɗaya ɓarin sukan koyi wani sashe na aikin. An fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko, ana kuma ci gaba da samu a hankali har shekaru, muddin ana motsa maganar. Masu sana'ar koyar da magana, waɗanda ake kira ortofonis da Faransanci, kaɗan ne ƙwarai a ƙasarmu, wanda ya samu hali ya tambaya a babban asibiti. Sauranmu ga abin da za mu iya. A fito da shi zaure ko tsakar gida inda ake hira. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, a kashe rediyo. Kada a yi masa tsawa, ba kurma ba ne, kada kuma a yi masa maganar yara, babba ne. A gajarta zance, a dube shi ido da ido, a nuna abin da ake nufi da hannu. Maimakon "me kake so?" a ce "fura kake so?", a jira, sa'an nan a ce "ko kunu?". Amma a lura, wasu "i" da "a'a" ma sukan sauya musu, don haka a ajiye abin biyu gabansa ya nuna. In yana neman kalma a ba shi lokaci, kada a yi saurin ƙarasa masa, in ta maƙale ƙwarai a faɗa masa farkonta, "ta... tab...", sau da yawa sai "tabarma" ta fito. Jikoki sun fi kowa iya wannan aiki, don ba su gajiya da maimaici, shi kuma ba ya jin kunyar yin kuskure gabansu kamar yadda yake ji gaban sa'o'insa.

Nan za mu tsaya. Anfarme na nan da abin awon tansiyo a bakin zaure, duk wanda ya haura shekara 30, namiji ko mace, ya biya a auna shi kafin ya tafi. Masu tambaya kuma su ɗaga hannu, sakatare zai ba kowa dama bi da bi.